Yadda Haske da Kwamfuta Suka Karanta Littafin Tafiyar da Ya Gagari Ido Shekara 140

Kusan duk mai riƙe da wayar zamani ya san abin da Google Lens ke yi: ka ɗora kyamara a kan allon talla ko shafin littafi, nan take ta kwashe maka rubutun, ka kwafa ko ka fassara. Masu iPhone ma suna da irin wannan, wato Live Text, tun shekarar 2021. Amma gwada ɗora kyamarar a kan tsohuwar takarda da aka rubuta da hannu, wadda tawadarta ta koɗe, za ka ga manhajar ta fara kame-kame, tana fito da haruffan da ba su haɗa kalma ko ɗaya ba.

Wannan ita ce matsalar da masu binciken tarihi ke fama da ita a kan littattafan tafiye-tafiyen Turawan da suka ratsa Afirka a ƙarni na 19, waɗanda suka share wa mulkin mallaka hanya. A yau za mu ɗauki guda ɗaya daga cikin mafiya wahalarsu, wato littafin da David Livingstone ya rubuta a 1871, mu ga yadda fasaha ta buɗe shi, da abin da aka tarar a ciki, da kuma abin da wayarka za ta iya yi da wanda ba za ta iya ba.

Littafin da aka rubuta a kan jarida

David Livingstone ɗan ƙasar Sikotilan ne, likita kuma ɗan mishan, an haife shi a 1813. A ƙarshen watan Maris na 1871 ya isa Nyangwe, wani gari mai babbar kasuwa a bakin kogin Lualaba, a gabashin ƙasar da yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. A lokacin takardar rubutu ta ƙare masa, tawada ma ta kusa ƙarewa. Sai ya ɗauko wata tsohuwar jaridar Landan mai suna The Standard, fitowar ranar 24 ga Nuwamba 1869, ya yayyanka ta ya mayar da ita shafuka. Tawada kuwa sai ya haɗa ta da wani rini da mutanen wurin ke yi wa tufafi, mai launin ja-ja. Ya riƙa yin rubutunsa a gicciye, yana ratsa layukan jaridar.

A kan waɗannan shafuka ne ya rubuta abin da ya faru ranar 15 ga Yuli 1871, lokacin da mutanen wani fataken bayi da hauren giwa mai suna Dugumbe suka buɗe wuta a tsakiyar kasuwar Nyangwe. Ɗaruruwan mutane suka mutu, mafi yawansu mata, da yawa kuma a kogi suka nitse wajen gudun tsira. Bayan 'yan watanni ɗan jarida Henry Morton Stanley ya iske Livingstone a Ujiji, a bakin tabkin Tanganyika, ya kuma kai labarin Turai. Labarin na cikin abubuwan da suka sa Birtaniya ta matsa wa Sarkin Zanzibar lamba, har aka rufe kasuwar bayi ta tsibirin a 1873, shekarar da shi Livingstone ya mutu.

Abin da duniya ta karanta game da kisan ba daga waɗannan shafukan jarida kai tsaye ya fito ba. Livingstone ya sake rubuta labarin a wani babban kundi bayan ya samu takarda, sannan abokinsa Horace Waller ya gyara shi ya buga a 1874. Su kuwa shafukan asali, tawadar rinin ta yi ta koɗewa har ta zama inuwa kawai, baƙin rubutun jarida ya danne ta. Haka suka zauna a ajiye a Sikotilan, ba mai iya karanta su yadda ya kamata.

Matsala uku ce, ba ɗaya ba

Idan aka ce rubutu ba ya karantuwa, yawanci ana haɗa abubuwa uku ne a baki ɗaya, alhali kowanne maganinsa daban.

Na farko, ganin tawadar kanta. Idan ido bai raba tawada da takarda ba, maganar karatu ba ta ma taso ba. Wannan aikin haske ne da kyamara.

Na biyu, gane haruffa. Tawada na iya fitowa raɗau amma hannun marubucin ya zama irin rubutun likita a takardar magani. Wannan aikin sabo ne, na mutum ko na manhajar da aka horar.

Na uku, gane abin da ake nufi. Kana iya karanta kowane harafi daidai amma ka kasa sanin wane gari ko wane mutum ake magana a kai. Wannan aikin ilimi ne, kuma a nan ne na'ura ta fi rauni.

Littafin Livingstone ya haɗa duka ukun, shi ya sa ya dace da misali.

Mataki na farko: raba tawada da tawada

A 2010 wata tawaga ƙarƙashin jagorancin wani malamin adabi, Adrian Wisnicki, ta ɗauki hotunan shafukan a Ɗakin Karatu na Ƙasa na Sikotilan da ke birnin Edinbara. A cikin tawagar akwai masana kimiyyar hoto irin su Keith Knox da Roger Easton da Bill Christens-Barry, tare da Michael Toth, waɗanda suka riga suka yi irin wannan aiki a kan wani tsohon littafin fata da ke ɗauke da rubuce-rubucen masanin lissafin Girka, Archimedes, da aka kankare aka yi wani rubutu a kai.

Dabarar ta dogara ne a kan abu ɗaya mai sauƙin fahimta. Idon ɗan Adam yana ganin yanki kaɗan ne na haske, daga shunayya zuwa ja, wato tsawon zango daga kimanin nanomita 400 zuwa 700. Ƙasa da haka akwai hasken altrabayolet, sama da haka kuma akwai infirared, irin wanda rimot ɗin talabijin ke fitarwa. Kowace irin tawada tana da yadda take shanye haske ko mayar da shi a kowane zango. Tawada biyu da suka cakuɗe a ido suna iya rabuwa sarai a wani hasken.

Sai aka ajiye shafi a ɗaki mai duhu, aka haska shi da fitilun LED masu launi ɗaya tak, aka ɗauki hoto da kyamara marar launi. Aka canza launin fitila, aka sake ɗauka, ba tare da an motsa shafin ko kyamarar ba. Haka aka bi tun daga altrabayolet, aka ratsa shuɗi da kore da ja, har zuwa infirared. A ƙarshe kowane shafi ya samu tarin hotuna da suka hau kan juna ɗigo da ɗigo.

Abin da ya bayyana shi ne, baƙar tawadar jarida baƙa ce a kowane haske, ita kuwa tawadar rinin Livingstone tana fitowa a gajeren zango, amma a infirared sai ta ɓace kamar ba a taɓa rubuta komai ba. Ke nan an samu hoto ɗaya mai jarida da rubutun hannu, da wani hoton mai jarida kaɗai. Sauran aikin lissafi ne.

A kwamfuta, kowane ɗigon hoto lamba ce da ke nuna yawan haskensa. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa farar takarda ta ba da 200 a hoton farko da 200 a na biyu. Idan ka raba, ka samu 1. Baƙin rubutun jarida ya ba da 40 da 40, ka raba, nan ma 1. Amma inda tawadar Livingstone take, hoton farko ya ba da 100, na biyu 200, amsa ta zama rabi. To idan kwamfuta ta zana sabon hoto da waɗannan amsoshi, takarda da rubutun jarida za su zama launi ɗaya, su narke cikin juna, rubutun hannun kaɗai ya tsaya. Da wannan dabara da wasu makamantanta aka fito da rubutun, aka kuma wallafa littafin kyauta a intanet a watan Nuwamba na 2011 ta hannun ɗakin karatun jami'ar UCLA ta Amurka.

Ka lura, babu harafi ko ɗaya da kwamfuta ta ƙirƙira a nan. Ta dai cire abin da ya tsare ido ne. Mutane ne suka zauna suka karanta, layi bayan layi.

Abin da aka tarar a ciki

Da aka jera rubutun asali da wanda aka buga a 1874, sai aka ga ba su zo ɗaya ba. Masu binciken sun nuna cewa a shafukan asali Livingstone yana cike da fushi da mutanen da aka aiko masa daga Zanzibar don su yi masa rakiya, waɗanda su kansu bayi ne na attajiran Indiyawa, kuma akwai alamun cewa ya yi zargin wasu daga cikinsu na da hannu a ta'asar da ake yi a yankin. Sun nuna kuma cewa a rubutun baya an sassauta ko an cire abubuwan da ka iya ɓata masa suna a matsayin gwarzon yaƙi da cinikin bayi.

Wannan shi ne dalilin da ya sa ake wahalar komawa ga rubutun hannu ko da akwai bugaggen littafi. Tsakanin abin da matafiyi ya rubuta da daddare a masauki da abin da ya fito daga maɗaba'a a Landan, akwai hannaye da yawa, kuma kowane hannu yana da abin da yake son a gani da wanda yake son a ɓoye. Ga mutanen Nyangwe da aka kashe, waɗannan shafukan jarida su ne shaidar da aka rubuta mafi kusa da ranar da abin ya faru.

Mataki na biyu: koyon hannun marubuci

Ko da tawada ta fito, rubutun Ingilishi na wancan zamani yana da tarkunansa. Matafiyi na rubutu ne a gaggauce, wani lokaci da zazzaɓi a jiki, a kan gwiwa. Sau da yawa ba ya ɗiga wa harafin i ɗigo, ba ya gitta wa t sanda, don haka t ta koma l. Haruffan i da u da n da m kuwa duk gajerun sanduna ne a jere, sai ka ƙirga su kafin ka san wace kalma ce. Akwai kuma tsohuwar s mai tsawo da ke kama da f, wadda masu rubutun hannu suka ci gaba da amfani da ita musamman inda s biyu suka haɗu. Ga taƙaita kalmomi ta hanyar rubuta harafin farko a ɗaga na ƙarshe sama. Idan matafiyin Bajamushe ne, akwai salon rubutun da ake kira Kurrent, inda e ke kama da n, har ana ɗora wa u wata 'yar ƙugiya a ka don a bambanta ta.

Ƙwararru suna bin hanya mai sauƙi. Suna fara wa da kalmomin da ba shakka a kansu, kamar ranaku da watanni, su tattara yadda marubucin ke zana kowane harafi a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe, su haɗa wa kansu jadawalin haruffansa. Idan kalma ta gagara, sai su wuce ta, domin sau da yawa za ta sake fitowa a gaba a wurin da ma'anarta ke fili.

Irin wannan koyo ne manhajojin gane rubutun hannu ke kwaikwayo. Wadda ta fi shahara ita ce Transkribus, da ta samo asali daga jami'ar Innsbruck ta ƙasar Ostiriya da tallafin Tarayyar Turai. Bambancinta da manhajar da ke karanta bugaggen rubutu shi ne, ba ta yanka rubutu harafi-harafi, tunda a rubutun tsutsa haruffa a sarƙe suke. Tana gano layukan shafi ne, ta ɗauki kowane layi gaba ɗayansa, ta yi hasashen jerin haruffan da ya fi dacewa da shi. Don ta saba da hannun mutum guda, sai ka fara kwafe mata shafuka da kanka, ka ba ta hoton da kwafin. Masu manhajar suna ba da shawarar a fara da kalmomi 5,000 zuwa 15,000, wato kimanin shafi 25 zuwa 75. Akwai kuma eScriptorium, wadda kyauta ce kuma buɗaɗɗiya, da ake amfani da ita har a kan rubutun Larabci da sauran rubuce-rubucen da ke tafiya daga dama zuwa hagu.

Ana auna ƙoƙarin irin wannan manhaja da yawan haruffan da ta kuskure a cikin ɗari. Kuskure 5 cikin 100 ana ɗaukarsa sakamako mai kyau. Amma yi lissafi: shafi mai haruffa 1,500 zai fito da kuskure 75. Ya isa ka bincika kalma a cikin dubban shafuka, amma bai isa ka kafa hujja da shi ba sai ka duba hoton da idonka. Kuma kurakuran sun fi taruwa ne a sunaye da lambobi, wato daidai wuraren da mai tarihi ya fi buƙata.

Mataki na uku: sunayen da ba sa cikin ƙamus

Manhaja na jingina ne da kalmomin da ta saba gani. Idan ta ci karo da sunan garin Afirka da Bature ya rubuta yadda kunnensa ya ji, sai ta ja shi zuwa kalmar Ingilishi mafi kusa. A nan ne ɗan ƙasa ya fi na'ura, ya kuma fi masanin da ke zaune a Turai.

Misalin da ya shafe mu kai tsaye shi ne na Hugh Clapperton, wani ɗan Sikotilan ɗin da ya zo Kano da Sakkwato a 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa a 1826, ya kuma mutu kusa da Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Baransa Richard Lander ne ya kai takardunsa Ingila aka buga a 1829. A littattafan tafiyarsa za ka ga Sackatoo da Soccatoo, duk Sakkwato ake nufi. Kashna ita ce Katsina, Zegzeg ita ce Zazzau, wanda kuma ya kira Gadado shi ne Waziri Giɗaɗo. Bahaushe na karanta waɗannan da ƙarfi zai gane su, amma manhajar da ba ta taɓa jin sunan ba sai dai ta yi ta lalube. Shi ma rubutun Clapperton sai da Jamie Bruce Lockhart da Paul Lovejoy suka koma kan takardun asali suka fitar da sabon bugu a 2005.

Wannan ne kuma ya sa ya kamata a yi hattara da manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira. Idan ka ba su hoton tsohon rubutu, sukan ba ka jimloli masu santsi da daɗin karatu. Matsalar ita ce an gina su ne su cike gurbi da abin da ya fi kama da gaskiya, don haka inda tawada ta ɓace suna iya saka kalma ba tare da sun gaya maka cewa hasashe ne ba. Kuskuren da ya fito a hargitse yana da sauƙin kamawa, amma wanda ya fito a tsare sai ya wuce ka. Idan za ka yi amfani da su, ka umarce su da su sa alama a duk inda ba su tabbata ba, kada su gyara rubutun suna, sannan ka bi layi-layi kana kwatantawa da hoton.

Abin da wayarka za ta iya

Kyamarar waya ba za ta maye gurbin na'urar da aka yi aikin Livingstone da ita ba. Tana raba haske gida uku ne kacal, ja da kore da shuɗi, kuma an sa mata wani gilashi da ke tare mafi yawan infirared. Duk da haka, idan kana da tsohuwar wasiƙa a gida, ko ka samu izinin ɗaukar hoto a wuri irin Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ko Arewa House, waɗannan matakan za su taimaka ƙwarai:

1. Kashe filashi. Yi amfani da hasken taga wanda ba rana kai tsaye ba, ka kuma lura kada inuwarka ta faɗa kan takardar.

2. Jingina wayar a kan wani abu ta yadda za ta fuskanci takardar sak, ka sa lokacin jira na daƙiƙa biyu ko uku don kada hannu ya girgiza ta.

3. Zaɓi ƙudurin hoto mafi girma. Idan wayarka na ɗauka a tsarin RAW, kunna shi. Kada ka zuƙo da yatsu, matso da wayar.

4. Guji tacewar da manhajojin sikanin takarda ke yi don mayar da shafi fari da baƙi. Tana share duk abin da bai yi duhu sosai ba, kuma koɗaɗɗiyar tawada ce farkon abin da take cinyewa.

5. Idan rubutun bayan shafi na leƙowa, sa baƙar takarda a ƙarƙashinsa. Idan da fensir aka yi rubutun, haska tocila daga gefe ƙasa-ƙasa, sawun da bakin fensir ya bari zai fito.

6. Gwada raba launuka. A Snapseed, wajen mayar da hoto fari da baƙi akwai zaɓin matatar launi, a kwamfuta kuma manhajar ImageJ ta kyauta na raba hoto gida uku. Tawada mai ja-ja ko ruwan ƙasa ta fi duhu a ɓangaren kore ko shuɗi, a ɓangaren ja kuwa takan dushe. Wannan ƙaramin samfuri ne na dabarar da aka yi wa littafin Livingstone.

7. Ajiye hoton asali daban, ka yi gyara a kan kwafi. Idan za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin turawa a matsayin hoto na matse shi ya rage masa inganci.

8. Wajen kwafewa, rubuta abin da ke kan takardar yadda yake, ko da kana ganin kuskure ne. Inda ba ka tabbata ba sa alamar tambaya, inda ka kasa bar gurbi ka nuna kalma nawa ce ta ɓace.

Ita kuma takardar kanta, kada ka bi kan rubutun da biro don ya fito, kada ka manna mata salatif, kada ka kai ta a lulluɓe ta da roba mai zafi, kada ruwa ko wani sinadari ya taɓa ta. Shafukan Livingstone sun karantu a 2011 ne saboda waɗanda suka ajiye su tsawon shekara 140 ba su yi ƙoƙarin gyara su da hannu ba. Takardar da ta gagare ka yau, ka ɗauki hotonta da kyau, ka sa ta a tsakanin fararen takardu a wuri busasshe marar rana, nesa da gara da ɗanshin damina.